Daga Littafin Muhuti Zuwa Kwamfuta: Yadda Fayil Ya Yi Zamani a Kotunanmu

Kotun alƙali a ƙasar Hausa ta girmi fayil da ɗaruruwan shekaru. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, ake shari'a bisa mazhabar Malikiyya, kuma bayan jihadin Shehu Usmanu kowace masarauta da ta karɓi tuta tana da alƙalanta. Amma da za mu leƙa zauren ɗaya daga cikinsu a shekarun 1880, ba za mu tarar da kabad ko tarin takardun ƙara ba. Littattafan da ke gaban malam na fiƙihu ne, Risala da Muhtasar da Tuhfa, inda yake duba hukunci. Mai ƙara ya durƙusa ya faɗi da'awarsa da baki, wanda ake ƙara ya amsa ko ya musa, a nemi shaidu, in babu a ba da rantsuwa, a yanke hukunci, kowa ya kama gabansa.

Ba alƙalami ne ya gagari mutanen nan ba. Su ne fa suka cika daula da wasiƙu tsakanin sarakuna da Wazirin Sakkwato. Takarda ce ke da tsada, don yawancinta daga Italiya take, tana ratso Sahara a bayan raƙumi ta hanyar Tarabulus, saboda haka Alƙur'ani da littattafan ilimi da wasiƙun fada suka fi cancanta da ita. Ban da haka, babu mai buƙatar a rubuta masa abin da aka yi a kan idonsa. Jama'ar da suka halarci zaman su ne ma'ajiyar shari'a. In bayan shekara goma wani ya tono rigimar gonar da aka riga aka kashe, dattawan unguwa ake kira su faɗi yadda aka yi. Wanda hukunci bai gamsar ba ya nufi fada, ya sake kwararo maganarsa daga farko a gaban sarki. Tsari ne mai sauri da arha, sai dai ranar da shaidu suka ƙare hukuncin ma ya bi su.

Turawa ne suka zo da littafin kotu, kuma ba domin mai ƙara suka zo da shi ba. Gwamna Lugga ya kafa dokar kotunan gargajiya a 1900, tun kafin ya ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kuma sake mata fasali a 1906. Dabarar ita ce a bar alƙalai su ci gaba da aikinsu, Razdan da Di'o suna sa ido daga nesa. To Baturen da ba ya zama a zauren, ta yaya zai san abin da aka yanke in ba a rubuta masa ba? Dalili na biyu kuɗi ne. Da aka kafa baitulmali wajen 1910 aka yanka wa alƙalai albashi, tara da kuɗin ƙara da ushira suka koma aljihun En'e, dole a san nawa ya shigo, daga hannun wa. Ta haka muhuti, wanda a da mataimakin alƙali ne wajen duba mas'ala, ya wayi gari da littafi da tawada yana rubuta duk ƙarar da aka saurara.

Abin da ya tsira daga wancan zamani yana da daɗin karatu. Akwai bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda masanin tarihi Allan Christelow ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1994. Da Larabci aka rubuta su, kowace ƙara a 'yan layuka: wane daga gari kaza ya kawo ƙarar wane, ga abin da ya ce, ga shaidar da aka kawo, ga abin da sarki ya yanke. Rikicin gona da gida, sata, kisan kai, bayi masu neman 'yanci, duk suna ciki a taƙaice. Rubutu ne na mai ba da rahoto ga na sama da shi. Shari'ar kanta an riga an yi ta da baki a tsakar fada.

Sannu a hankali rahoton ya fara cinye shari'ar. An kasa kotunan gida huɗu, daga A zuwa D, manyan su ne ke da ikon yanke hukuncin kisa, amma ba a zartarwa sai an fassara bayanin zaman zuwa Turanci an kai wa Gwamna ya tabbatar. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A wannan shekarar ta 1947 ne shari'ar Tsofo Gubba ta girgiza Arewa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, takardun suka yi tafiya har gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, alƙalan da ba su san Birnin Kebbi ba suka karanta suka soke hukuncin, don a dokar laifuka ta Turawa kisan da aka yi cikin tunzuri ba ya kai mutum ga igiya. Rigimar da wannan ya haifar doguwa ce, ba ita muke bi ba a nan. Abin lura a wajenmu shi ne an shiga zamanin da rai da mutuwar mutum suka rataya a kan abin da magatakarda ya rubuta, kuma a idon kotun sama abin da bai shiga littafi ba bai faru ba.

Shekarun samun 'yancin kai suka haɗe hanyar alƙali da ta joji. Kwamitin masana shari'a da gwamnatin Sardauna ta gayyato a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Abu Rannat, ya share fagen dokar Final Kod da dokar tsarin shari'ar laifuka da suka fara aiki a 1960, aka riƙa tura alƙalai da magatakardansu kwas a Kongo, Zariya, su koyi yadda ake rubuta tuhuma da shaida daki-daki. Sojoji suka rushe kotunan sarakuna a 1967, a 1968 kuma kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka zama kotunan yanki, da sufetoci masu zagayawa suna duba littattafai.

A nan ne fayil ya samu kamannin da muka taso muka sani. Bangon kwali, an huda kusurwa an zura igiya, lambar ƙara a goshi: harafin gari, lambar shigowa, shekara. Akawun lauya ya kai takardu ofishin rajista, a ƙiyasta masa kuɗi, ya biya wajen kashiya ya karɓi rasit, a buga hatimi da kwanan wata, ya leƙa wajen mai ba da rantsuwa, a kai wa Babban Joji ya zaɓi alƙalin da zai saurara, sannan mai kai sammaci ya hau keke ko babur ya shiga gari neman wanda ake ƙara. A bayan ofishin kuma ga ɗakin masu tafireta, ƙarar bugu ba ta yankewa, ana jera takarda da kabon don a fitar da kwafi uku ko huɗu a bugu ɗaya, na ƙarshen sai an ƙura ido ake karanta shi. Waɗanda suka yi aiki a wancan lokaci har yanzu suna ba da labarin tsofaffin rajistarori da za ka faɗa wa sunan mai ƙara kurum, su miƙe su zaro fayil ɗin daga tsakiyar tari ba tare da duba littafi ba. Gwaninta ce ta gaske. Amma a kan mutum ɗaya take zaune, ranar da ya yi ritaya ta bi shi gida.

Shi kuwa mai shari'a, da hannunsa yake rubuta komai. Shaida ya faɗi jimla, a ce ya dakata, alƙali ya rubuta, a ce ya ci gaba. Lauya mai yi wa shaida tambayoyin ƙure dole ya riƙa kallon alƙalamin mai shari'a kafin ya jefa tambaya ta gaba, shaidan da aka kusa kamawa da ƙarya kuma ya samu sararin gyara zance. Alƙalai da yawa ba su ga aibun wannan ba, suna cewa abin da hannu ya rubuta ya fi zama a kai, kuma babu mai yi musu shisshigi cikin littafi. Akwai gaskiya a ciki. Amma shaidar da za a gama da hantsi takan ci zama uku, tsakanin kowane zama da na gaba kuma makonni ne ko watanni.

Ƙasa ta yi ta yaɗo, takarda na bin ta. Jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 36 a 1996, kowace da babbar kotunta da nata dokokin aiki. Kotun harajin tarayya da aka kafa a 1973 ta zama Babbar Kotun Tarayya a 1979, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta zo a 1976, daga 1999 kuma jihohin Arewa goma sha biyu suka faɗaɗa shari'ar Musulunci, Zamfara a gaba. Ana gina ɗakin zaman kotu, ba a cika tunawa da ɗakin ajiya ba. Fayiloli suka cika kabad, suka hau saman kabad, suka sauko ƙasa, aka ɗaure wasu cikin buhu aka jingine a lungu, gara da ɓera da yoyon damina suka samu rabonsu. Daga nan kalmar "ba a ga fayil ba" ta zama dalilin ɗage zama kamar kowane dalili. Wani ɓatan na Allah da Annabi ne, cunkoso ne kawai. Wani kuwa saye ake yi. Kowa ya gane cewa ƙaramin ma'aikacin da ke riƙe da makullin kabad yana iya tsayar da shari'ar da manyan lauyoyi suka kasa tsayarwa, yana kuma iya tayar da ita in an ba shi na goro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce kasancewar fayil ɗaya tak a duniya, a ɗaki ɗaya, a hannun mutum ɗaya.

Wurare biyu wannan ya fi yi wa ɓarna. Na farko ɗaukaka ƙara. Kafin kotun sama ta saurari kowa sai an tattara duk abin da aka yi a ƙasa, an buga rubutun hannun alƙali, an jera shafuka an ɗinke an aika. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara sun ba rajistara kwana 60, in ya kasa mai ɗaukaka ƙarar ya yi da kansa cikin kwana 30, amma ƙararrakin da suka shekara suna jiran wannan kundi ba su ƙirguwa. In alƙalin ya rasu ga shi rubutunsa ba ya karantuwa, ko shafuka sun zube, wani lokaci ba abin yi sai a koma a sake shari'ar daga tushe. Na biyu gidan yari. Shekara da shekaru kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda fayil ɗinsu ya maƙale a hanya tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a da kotu.

Da kwamfuta ta iso a shekarun 1990, matsayin tafireta aka ba ta. Shagunan buga takardu da fotokwafi suka kewaye kowace babbar kotu, janareto na ruri, kuma tunda bugu ya yi sauƙi sai lauyoyi suka ƙara tsawon hannu. A 2004 Jihar Legas ta fito da sababbin dokokin babbar kotu da suka wajabta wa mai ƙara ya haɗo komai tun ranar farko: jerin shaidu, bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin duk takardar da zai dogara da ita. Manufar ita ce a hana kwanton ɓauna da jan ƙafa, sauran jihohi kuma suka kwaikwaya ɗaya bayan ɗaya. Gyara ne mai kyau, amma ya ninka nauyin fayil tun kafin a yi zaman farko. Wanda ke son ganin iyakar abin ya tuna kotunan sauraron ƙarar zaɓe, inda ake shigo da takardun sakamakon rumfuna cikin akwatuna da jakunkunan bakko. Hukuncin ƙarar zaɓen shugaban ƙasa na ranar 6 ga Satumba 2023 ya kusa shafi 800, an shafe sama da awa 12 ana karanta shi.

A daidai lokacin ne kuma kotuna suka ƙara tsarkake tawada. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauya shi kansa, ba takarda ba ce, ƙararraki masu yawa suka rushe a kan wannan bayan an shekara ana fafatawa. A 2015 ƙungiyar lauyoyi ta fito da hatimin mannawa da dole kowane lauya ya liƙa a takardar da ya shigar, don a kori lauyoyin bogi. Duka biyun suna da hujjarsu, amma sun ƙara ɗaure shari'a a jikin takardar da ake taɓawa da hannu, a shekarun da bankuna da kamfanonin waya suka riga suka yi nisa a wata hanya.

Ita kanta dokar shaida ta zama turaku. An rubuta ta a 1943, ta fara aiki a 1945, ba ta san wata takarda ba sai ta alƙalami da tafireta. Tun 1969, a shari'ar kamfanin Esso da Oyegbola, Kotun Ƙoli ta yi nuni da cewa doka ba za ta rufe ido ga kwamfuta ba, amma shekara arba'in bayan haka, a 2009, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ƙi karɓar bayanan asusun banki da kwamfuta ta fitar a shari'ar tsohon minista Femi Fani-Kayode. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta warware wannan a 2010, abin kuma ya zaburar da majalisa. Sabuwar dokar shaida ta 2011 ta zo da sashe na 84, wanda ya buɗe wa bayanan kwamfuta ƙofa bisa sharaɗin a nuna cewa na'urar na aiki daidai lokacin da ta fitar da su. Ba da daɗewa ba Kotun Ƙoli ta nuna sharaɗin ba na wasa ba ne, ta yi watsi da shafukan jaridun intanet da aka gabatar a ƙarar zaɓen gwamnan Bayelsa saboda ba a cika shi ba.

Shekarar 2012 ce za mu iya kira mafarin ƙaura da gangan. A ƙarshen zamanin Babban Jojin Ƙasa Dahiru Musdapher aka fitar da manufar amfani da fasahar sadarwa a kotuna, aka damƙa jagorancin kwamitin ga Babban Jojin Borno, Kashim Zannah, a lokacin da Maiduguri ke tsakiyar wutar Boko Haram. Daga wannan kwamiti manhajar NCMS ta fito, wadda aka so ta zama hanya ɗaya da ƙara za ta bi daga babbar kotu har Kotun Ƙoli ba tare da an sake buga shafi ko ɗaya ba. Legas ba ta jira ba, ta buɗe nata tsarin a 2013 zamanin Babbar Joji Ayotunde Phillips. Lauyoyin Legas na wancan lokaci sun sha ƙorafi cewa aiki biyu aka ba su: su ɗora takarda a intanet, sannan su ɗauko ta a hannu su bi layi a ofishin rajista.

A lissafin duniya mun makara, a na Afirka kuwa muna tsakiya. Wata kotun tarayya a jihar Ohio ta Amurka ta fara karɓar ƙara ta intanet a 1996, da dubban ƙararrakin ma'aikatan jiragen ruwa da ƙurar asbestos ta cutar suka fi ƙarfin ofishinta. Singafo ta gwada a 1997 ta wajabta a 2000. Ruwanda ta buɗe sabon tsarinta a 2016, Ghana ta ƙaddamar da nata a 2019, Kenya ta wajabta a kotunan Nairobi a Yulin 2020.

Abin da ya fara barin takarda a wajenmu kuɗi ne, kamar yadda kuɗi na cikin abin da ya fara kawo littafi. Da gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, biyan kuɗin ƙara a kotunan tarayya ya koma ta manhajar Remita, akawun lauya ya koyi ciro lambar biya kafin ya doshi banki. A Fabrairun 2018 Babban Joji Walter Onnoghen ya ƙaddamar da adireshin imel na musamman ga kowane lauya, da nufin Kotun Ƙoli ta daina aika sanarwa da hannu. Kotun ta kuma amince cewa sanar da lauya ranar zama ta saƙon tes ya wadatar. Sauran tafiyar ta yi nawa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kowace jiha ita ke da ikon dokokin kotunanta, ba mai tilasta mata daga Abuja. Kuɗin kotunan jihohi a hannun gwamnoni yake a lokacin, abin da ya sa ma'aikatan shari'a suka garƙame ƙofofi sama da wata biyu daga Afrilun 2021. Ga rashin wuta, ga rashin sabis. Ga kuma waɗanda tsohon tsarin ke ciyarwa, waɗanda ba za su fito su ce ba sa so ba, sai dai kullum a ji cewa na'ura ta lalace.

Annobar korona ta yi cikin makonni abin da takardun manufa suka kasa yi cikin shekara takwas. A ƙarshen Maris 2020 Babban Joji Ibrahim Tanko Muhammad ya dakatar da zaman kotuna sai na gaggawa. Kafin Afrilu ya ƙare wata babbar kotu a Maiduguri ta yanke hukunci ta hoton bidiyo, ta sallami wani da ake tuhuma da kisa, wannan ne zaman farko irinsa da aka sani a ƙasar. Nan da nan gardama ta tashi: sashe na 36 na tsarin mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, to Zoom bainar jama'a ce? Jihohin Legas da Ekiti suka kai tambayar Kotun Ƙoli. Ranar 14 ga Yuli kotun ta ce ƙarar ta yi gaggawa tunda babu wanda ya zo da kukan an tauye shi, amma ta faɗa a fili cewa zaman bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Alƙalan da ba su taɓa buɗe imel da kansu ba suka koyi cewa lauya ya kunna makirfonsa.

Sai wuta ta ba da nata darasin. Ranar 21 ga Oktoba 2020, cikin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, aka wawushe babbar kotun Igbosere da ke tsibirin Legas aka banka mata wuta. Tana cikin tsofaffin kotunan ƙasar nan, fayiloli da kayan shaida na shekaru masu yawa suka tafi a yini ɗaya. Abin da aka taɓa ɗorawa a kwamfuta ya samu madafa, sauran kuwa sai roƙon lauyoyi aka yi su kawo kwafin da ke ofisoshinsu a sake haɗa fayil. Ranar 1 ga Agusta 2024 irin wannan ta faɗa wa Kano, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka fasa babbar kotun jiha da ke sakatariyar Audu Bako aka yi awon gaba da takardu da kayan shaida. Gwamnan jihar ya ce har da na shari'o'in cin hanci a ciki. Bayan waɗannan biyun, mai cewa takarda ta fi aminci sai ya yi da gaske kafin a saurare shi.

Dokoki suka biyo baya a jere. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun tanadi shigar da takardu ta intanet. Gyaran dokar shaida na 2023 ya amince da sa hannu na na'ura da rantsuwa daga nesa. Babbar Kotun Tarayya ta buɗe shafin yin takardar rantsuwa a 2024, Kotun Ƙoli ta sabunta dokokinta a shekarar, a 2025 kuma reshen Legas na Babbar Kotun Tarayya ya koma karɓar sababbin ƙararraki ta intanet.

Ribar a bayyane take. Takardar da ta shiga manhaja tana ɗauke da ranarta da sa'arta, ba mai mayar da kwanan wata baya don a ceci wanda lokaci ya ƙure wa. Kuɗi na tafiya asusu kai tsaye. Lauyan Gusau ba sai ya kwana a hanya don ya miƙa shafi biyar a Abuja ba. Amma ikon da ke hannun mai makullin kabad wuri ya sauya, bai gushe ba. Yanzu yana hannun ma'aikacin da ke danna amincewa kafin ƙara ta samu lamba, da kamfanin da ya gina manhajar yake riƙe da rumbunta, da yaron shagon kafe da ƙaramin lauya ke ba takardun sirrin wanda yake karewa ya yi masa sikanin. Ko Amurka, da aka yi wa rumbunan gwamnatinta kutse, kotunan tarayya sun ba da umarni a Janairun 2021 cewa takardu masu tsananin sirri a koma kawo su a hannu. Kotun Ƙolinsu ma sai a 2017 ta fara karɓa ta intanet, ba ta kuma saki takarda ba. Saboda haka ba abin kunya ba ne a ce muna tafiya da hanya biyu. Abin tambaya shi ne wa ke duba masu riƙe da sabuwar, kamar yadda sufeto ke duba littafin kotun yanki.

Babban giɓin yana ƙasa. Gyaran nan daga sama ya faro, daga Kotun Ƙoli da Legas da Abuja, kuma an gina shi a kan lauya: lambarsa, imel ɗinsa, hatiminsa. Alhali mafi yawan mutanenmu ba su taɓa taka babbar kotu ba. Shari'arsu ta aure da saki da gado da bashi da iyakar gona tana gaban kotun shari'ar Musulunci da kotun yanki da majistare, inda mace ke zuwa ba lauya ta faɗi kukanta da baki, magatakarda ya rubuta da Hausa a babban littafi, a ba ta ranar dawowa. In ƙarar ta yi nisa har Kotun Ɗaukaka Ƙara sai an fassara komai zuwa Turanci, kamar zamanin Razdan. A yawancin waɗannan kotuna littafin nan shi kaɗai ne shaidar cewa an raba gadon wane, ko an kashe auren wance, ko gonar nan ta gidan su wane ce, kuma ba shi da kwafi a ko'ina.

Ga Manyan Jojin jihohi da Alƙalan Alƙalai na kotunan shari'ar Musulunci: kafin a sake kashe kuɗi a kan allunan bango da bikin ƙaddamarwa, a fara da waɗannan littattafai. A ɗauki hoton kowane shafi, tsoho da sabo, a ajiye kwafi a hedikwata da wani wuri na daban. A ba magatakarda manhajar da ke karɓar Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, a sa wa kotun sola, a bar mai ƙara ya ci gaba da faɗin maganarsa da baki kamar yadda ya saba. Aikin ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki ko jiran Abuja, umarnin aiki daga ofishinku ya isa a fara shi a wannan shekarar shari'a.